Intanet Mai Tsoron Farar Mota

Jiya da hantsi na tsinci kaina a bakin kwata, riƙe da lema a kan wani ƙato da ba shi da muƙamin komai, ina zabga masa "ranka ya daɗe" da ƙarfi don masu wucewa su ji. Kafin ku ce tsufa ya fara taɓa ni, ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Bara aka jawo mana wayar intanet a layinmu. Manya suka zo, aka kafa rumfa, wani mai girma ya ce saurin da za mu samu sai mun roƙa a rage. Wayar kuwa, Allah ya saka wa wanda ya ja ta. Ta bi ta kan bishiyar maƙwabci, ta gangara kwata, ta hau katangata, ta shigo ta tagar banɗaki, sannan ta iso falo inda aka maƙala ɗan akwati mai ƙyafta ido. Na tambayi mai haɗawa batun tsaro, ya ce in kwantar da hankalina, lambar sirrin mai ƙarfi ce, ita ya sa wa kowane gida a layin kuma ba wanda ya taɓa kawo kuka.

Sauri kuma ba a magana. Ka buɗe hoton mutum, ka je ka yi wanka ka dawo, ka tarar an sauko zuwa wuyansa.

Amma intanet ɗin nan yana da ranarsa. Akwai hukumar da aka kafa takanas don ta auna ko ana ba mu abin da muke biya. Jefi-jefi Mai Girma Sarkin Awo yakan zo cikin farar mota, da riga mai ƙyalli a kan kwat, ya tsaya gindin turken da ke ƙofar gidana ya ɗaga waya sama. A wannan lokacin intanet gudu yake kamar an biyo shi. Mai girma yana rufe ƙofar mota, intanet ya koma rarrafe. Mai shagon caji na kan kwana shi ke buga wa kamfani waya da ya hango motar, ba ya ma ɓoyewa. Washegari a sanar a rediyo cewa an auna, an samu komai daidai.

Da na ci gaba da haƙurina, sai dai abin ya taɓo 'yata ta fari. Ta gama jami'a, ta daɗe zaune a gida, sai ga wani kamfani ya kira ta ganawar ɗaukar aiki ta bidiyo. An taɓa kiranta irin wannan, fuskarta ta daskare baki buɗe har masu tambayar suka gaji suka kashe. Ranar ba ta ci abinci ba, ni kuma baƙin ciki ya hana ni zama wuri ɗaya.

Na je hukumar na tambayi yaushe mai girma zai zo, ko za mu dace.

"Ziyararmu ta bazata ce, Malam," in ji na kan tebur. "Ba ma gaya wa jama'a."

"Kamfanin fa?"

"Su ai abokan aiki ne."

Daga can na zarce wajen maƙwabcina tela, wanda muke kira Darakta. Bai taɓa shugabantar ko taron suna ba, amma Allah ya ba shi tumbi da fuskar mutumin da ba ya amsa gaisuwa. Na zayyana masa buƙatata.

"Maƙwabci, so kake a ɗaure ni?"

"Ba za ka ce kai kowa ba ne. Tsayuwa kawai za ka yi, ka ɗaga waya, ka ɓata rai."

"In an tambaye ni fa?"

"Ka ce za mu duba."

Shi ya ɗinka rigar mai ƙyalli da hannunsa, surukinsa ya ara mana farar mota. Ranar ganawar, wato jiya, muna shan kwana a motar na ga mai caji ya kai waya kunne. Kafin Darakta ya gama fito da tumbinsa daga mota, uwar yara ta leƙo ta taga tana yi mini alama da hannu cewa intanet ya fara gudu. Ba a jima ba ma'aikacin kamfani ya iso a babur da kujera da lemo mai sanyi, yana durƙusawa. Darakta ya zauna, ya kurɓa, ya dubi sama ya ce za mu duba. Wallahi ni da na ƙulla abin sai da gabana ya faɗi, don ya fi na gasken kama da na gaske.

Ana cikin haka yarinyar ta fito ba ko takalmi, idonta cike da hawaye.

"Baba, sun ɗauke ni."

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Na saki lema, rana ta doki mai girma, ban kula ba. Da na dawo hayyacina na ce to yaushe za ta fara zuwa ofis, in nemi mai kai ta.

"Ba ofis, Baba. Daga gida ake aikin, ta intanet, kullum daga safe zuwa yamma."

Na juya na dubi Darakta. Ya ajiye kwalba a hankali.

"Maƙwabci, ni fa ina da ɗinkin mutane."

Surukin nasa kuma da la'asar ya aiko a mayar masa da motarsa. Don haka, jama'a, in akwai mai farar motar da ba ya amfani da ita daga Litinin zuwa Juma'a, ya taimaka ya neme ni. Tumbi dai muna da shi.