Baƙon Tsallaken Kogi

A Dajin Kwargaba kowa ya san gurbinsa. Kuraye ke mulki tun da giwaye suka tattara suka koma ƙasarsu, diloli ke rubuta tarihi, jakuna kuma ke ɗaukar kaya kamar yadda suka saba. Ana kiran wannan tsari 'yanci, har biki ake yi masa duk shekara.

Ana nan sai wani saurayin jaki ya ƙetaro kogi, ramamme, ba ya jin yaren daji. Ta bakin Aku tafinta ya ce kakarsa 'yar nan ce, a zamanin giwaye aka kora ta tsallake, shi kuma ya zo neman ɗan wurin kiwo a ƙasar kakanninsa. Magana ta yi nauyi, aka kira majalisa a gindin tsamiya, aka gayyato jakadan giwaye.

Cikin taron akwai wata tsohuwar jaka mai suna Tambai. Tun da ta ɗora ido a kan baƙon hankalinta ya ƙi kwanciya, don yadda yake karkatar da kai in yana sauraro, haka yayarta Kyallu take yi.

Jakada Toro ya fara magana, cikin ladabi kamar mai ta'aziyya.

"Ranki ya daɗe, Magajiya. Abin da ake faɗa ya faru, in ma ya faru, ba a haife ni ba. Amma a yi adalci. Wa ya fasa muku hanya cikin ƙaya? Wa ya haƙa tafki? Kuma giwa ba ta iya kamun jaki ba. Abin da aka kawo mana bakin ruwa muka karɓa."

Kura Magajiya, shugabar majalisa, ta gyara zama, ta hau lasar dantsenta.

Dila Barmo, masanin tarihi, ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo. Ya la'anci giwaye har aka yi masa tafi, ya yaba hanyarsu aka sake yin tafi. Daga ƙarshe ya ce bincike ya nuna jakunan wancan zamani masu son yawo ne, wataƙila ƙaura suka yi.

Tambai ba ta san lokacin da ta tsinci kanta a tsakiyar fili ba.

"Ranki ya daɗe, ni ina wurin. Ina ƙarama, muna kiwo a fadama da yayata, kuraye suka zagaye mu. Ta tura ni cikin ciyawa, ita aka sa mata igiya. Na bi su a ɓoye har bakin kogi. Na ga giwa ta miƙa wa kura cinyar ɓauna, na ga an tura Kyallu cikin ruwa. Ba ƙaura ba ce. Wannan yaro namu ne."

Tambai ta waiwaya wajen 'yan'uwanta jakuna, ko wani zai ce uffan. Duk sun sunkuyar da kai, don kowannensu a gidan wata kura yake aiki.

"Wace kura ce, Inna?" Magajiya ta tambaya a hankali.

Tambai ta dubi tabon da ke goshin Magajiya, irin na gidansu, irin wanda ta gani a goshin kurar da ta karɓi cinyar.

"Na tsufa, ranki ya daɗe. Fuskar ta ɓace mini."

"Allah sarki. A ba Inna wuri a inuwa."

Manya suka keɓe, ba su jima ba suka dawo. In aka karɓi baƙon, an yarda wani ya sayar, wani ya saya. A kan rufe wannan magana, kura da giwa ba su taɓa samun saɓani ba. Barmo ya karanta hukunci: majalisa tana takaicin duk wata wahala da wataƙila aka sha a da, tana gode wa jakada, baƙo kuma zai koma inda ya fito, tun da ba shi da shaida sai ta tsohuwa mai mantuwa.

Tambai ta raka shi bakin kogi, Aku na tafe a kan bayansa. Sai da ruwa ya taɓa kofatonsa ya juyo ya yi magana.

Aku ya ce, "Wai kakarsa ta manta yarenku kaf kafin ta mutu, sai kalma ɗaya da take yawan faɗa in ta fuskanci kogi. Yana so ya san ma'anarta."

"Wace kalma?"

Baƙon ya buɗe baki, ya faɗe ta a karkace, da harshen da bai saba ba.

"Tambai."

Tsohuwar ta ji sunanta, ta matso kusa da shi. Kafin ta amsa, wani dogarin kura ya daka wa Aku tsawa, jakada na neman tafinta. Aku ya tashi fir.

Saurayin ya ɗan jira, yana kallon bakinta. Da dogarin ya matso, ya shiga ruwa.