Kan Kifi a Wuyan Malamin Turanci

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da aka rataya mini kan kifi a gaban iyayen yara. Ni na sayo kifin, ni na ɗaura masa igiya, ni na kafa dokarsa. Don haka in kana neman wanda za ka ɗora wa laifi a labarin nan, kada ka wahalar da kanka, ga ni.

A shekarun da mutanen Mubi da Michika suka gudo suka cika Jimeta ne na samu aikin koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Luggere. Na ce na samu, amma a gaskiya aron aikin aka ba ni. Mai makarantar, Madam Rahila, ta gaya mini tun ranar farko cewa zango ɗaya za ta gwada ni, bayan taron iyaye ta san abin da za ta yi da ni. Kuma ba barazana ba ce. Kusan kullum da safe akwai malaman da rikici ya koro zaune a bencin ƙofar ofishinta, wasu har da digiri biyu, suna jiran kujera ta yi sarari. Ni kuwa takardar kwalejin horar da malamai ce kawai gare ni, sai baki.

Sai na ce to, bakin zan sa a gaba. Na ƙirƙiro wa 'yan ajin ƙarshe abin da na kira darasin manyan kalmomi. A Girei nake kwana, kuma a wancan lokacin kafin ka tsallake gada ka shiga Jimeta sai ka sha zaman layi a shingen bincike. A nan cikin keke mai ƙafa uku, ina matse tsakanin buhun gyaɗa da kajin wani, nake buɗe ƙamus in tsinto kalmomin ranar. Ba amfaninsu nake dubawa ba, tsawo nake dubawa. Kalmar da sai ka ja numfashi a tsakiyarta kafin ka kai ƙarshe, ita ce tawa. In isa aji, in zuba su a allo da ma'anarsu, in juyo in kalli yara kamar da su aka yanke mini cibiya. Kafin azahar sun fice daga kaina. (Su yara ba sa mantawa, don akwai abin da suke tsoro. Ni ba mai tambayata.)

Abin da suke tsoron shi ne wasan jefa, wanda muke yi duk Alhamis da ƙwallon tsumma. Mai ƙwallo zai jefa wa wanda ya ga dama, ya ambaci kalma. In wanda ya cafe ya ba da ma'ana daidai, shi zai jefa wa na gaba. In ya faɗi, aji duka su hau dukan tebur suna rera, "Ƙwaƙwalwar kifi! Ƙwaƙwalwar kifi!" Daga nan a rataya masa busasshen kan tarwaɗa a wuya, ba zai cire ba sai an tashi. Na san abin da kake tunani, kuma ka yi gaskiya, mugunta ce. Amma ta yi aiki. Yara suka riƙa haddar kalmomi kamar ransu ne a ciki, har wata uwa ta zo ta tambaye ni ko zaginta ɗanta yake yi a gida, don ba ta gane komai.

Ranar taron iyaye aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka fito da tebura da allo tsakar makaranta don ajina ya nuna bajinta. Na sa kwat. A zafin Yola, cikin bazara. (Kwat ɗin ma na maƙwabcina ne, hannunsa ya fi nawa tsawo.) Aka fara wasa, ƙwallo yana tashi daga hannu zuwa hannu, kalmomi suna zuba, babu wanda ya faɗi. Iyaye suna tafi ko da ba su san me ake cewa ba. Na saci kallon Madam, na ga tana gyaɗa kai. A raina na ce shi ke nan, mutanen benci sai su nemi wata makarantar.

Ana cikin haka wani dattijo, Baffa Hamman, wanda jikarsa ke ajin, ya ɗaga sandarsa.

"Useko, a yi haƙuri, Malam," ya ce, "wannan ƙwallo yara kawai yana kamawa? Kai ba a jefa maka?"

Aka yi dariya. Da na bi su na yi tawa dariyar, da magana ta wuce, da yanzu ba ni da labarin ba ka. Amma tafi ya riga ya hau mini kai. Na gyara wuyan kwat na ce, "Baffa, ai ni na koya musu. A jefo!"

Ƙwallon yana hannun Saratu, wata yarinya shiru-shiru da iyayenta suka gudo daga Michika suka zauna a Damare. Ta sha kan kifin nan fiye da kowa a farkon zango, don ta zo a makare, an yi nisa. Ba zan ce ramuwa ta yi ba, Allah ya ga zuciya. Fuskarta dai kamar wadda ta zo gaishe da surukai. Ta jefo, na cafe da hannu ɗaya don burgewa.

"Obstreperous, sa," ta ce.

Na san kalmar, wallahi na san ta, irin sanin da kake yi wa mutumin da ka haɗu da shi a kasuwa, ka gane fuska amma suna ya ƙi zuwa. Na tuna har ranar da na tsinto ta, ana hazo, soja yana leƙa kekenmu. Ma'ana kuwa babu ita babu dalilinta.

Na fara dabarun malamai. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Na ce ta ɗaga murya don na baya su ji, ta ɗaga. Na je allo na rubuta kalmar a hankali, ko hannu zai tuna abin da kai ya manta, hannu ma ya ce ba ruwansa. Gumi ya fara bin bayana. Daga ƙarshe na yi lissafi cewa kalma mai girma haka ba ta rasa zama yabo. Na juyo na ce, "Tana nufin mutum mai natsuwa da kamala. Misali, Baffa Hamman."

Sai wani yaro daga baya ya buga tebur, na kusa da shi ya karɓa, kafin ka ce kwabo aji duka ya ɗauka. Ban taɓa gaya musu cewa akwai wanda dokar ba ta hau kansa ba, don haka suka rera ta yadda na koya musu, da ƙarfi, da kiɗa mai kyau. Da suka lafa, Saratu ta miƙe ta ba da ma'ana cikin ladabi: mai hayaniya, mara jin magana. Wani ya sunkuya ya fassara wa Baffa da Fulatanci. Tsohon ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Ni ne mara jin magana? To, Malam bai yi ƙarya ba, goggonku ma a gida haka yake faɗa!"

Monitan aji ya ɗauko kan kifin ya tsaya, ya kalle ni, ya kalli Madam. Na yi fatan ta ce a bari. Ta gyara gilashinta ta ce, "Doka doka ce. Ko ba haka ba, Malam?"

Na sunkuyar da kai aka rataya mini.

Ban taɓa sanin abin yana wari haka ba, don ban taɓa kusantarsa da hancina ba. Ƙudaje suka zo gaisuwa. Kuma dokar ta ce sai an tashi, ga shi ba a tashi ba. Akwai rabon kyaututtuka, akwai jawabin shugaban iyaye, ga addu'ar rufewa biyu, ta liman da ta fasto, kuma a ranar kowannensu ya zo da ƙarfinsa. Aka kuma ɗauki hoto. Kunya na ji, amma na tsaya ina murmushi kamar lambar yabo aka ba ni.

Ranar Litinin Madam ta kira ni ofis. Na wuce ta gaban benci, mutanen da ke kai suka gaishe ni da fara'ar da ban so ba.

"Ba zan sallame ka ba," ta ce. "Yara sun koya, na gani da idona. Amma ajin ƙarshe na ba wani malami daga Mubi. Kai za ka koma aji ɗaya na firamare. Kalmominsu ba sa wuce harafi uku, ina fatan za ka iya riƙe su."

Na ce na gode, don aiki aiki ne, kuma benci yana nan a waje.

Daga ranar na koyi abu biyu. Duk hukuncin da zan kafa wa yara, sai na fara auna shi da wuyana in ga ko zan iya ɗauka. Kuma in dattijo ya ɗaga sanda a taro ya ce ko za ka gwada, amsar ita ce, "Baffa, lokaci ya ƙure."

Ranar farko a sabon ajin na rubuta "cat" a allo. Kafin in juyo wajen yara, sai da na ɗan tsaya na tabbata na san ma'anarta.