Kara Ɗaya na Nomau Ɗan Kamasho

Sunan garin ya kuɓuce mini. Na san dai yana kan hanyar Funtuwa, akwai wata tsohuwar tsamiya a ƙofar tasharsa, kuma a masallacinsa na taɓa mance sandata. Wanda ya fara ba ni labarin ma fuskarsa ta ɓace mini, dariyarsa kawai nake ji. Akwai kuma wata magana a ƙarshe da ta zame daga kaina, sai daga baya na je na tsinto ta. Za mu zo wurin. Sauran dai ga yadda yake.

A tashar nan akwai wani ɗan kamasho, wato mai kiran fasinja har mota ta cika, ana ce masa Nomau. Allah ya ba shi murya. In ya tsaya a ƙofar tasha ya ɗaga haɓa ya ce, "Funtuwa, Funtuwa, saura mutum ɗaya!" matan da ke daka a bayan kasuwa sai sun dakata da taɓarya a sama. Wanda bai fito da niyyar tafiya ba ma sai ya tsaya ya yi tunani ko yana da ɗan'uwa a Funtuwa. Saura mutum ɗayan nan kuwa haka yake faɗinta kullum, ko motar ta cika maƙil, ko kaji ne kawai ke shan inuwa a ƙarƙashinta. Shi bai taɓa ɗaukar wannan ƙarya ba. A wurinsa haka ake kira, kamar yadda ake sallama in za a shiga gida.

To, Nomau mashayin taba ne tun yana saurayi. Kara bai gama mutuwa ba ya kunna wani da wutarsa. Da shekaru suka tura, tari ya samu wurin zama a ƙirjinsa ya shimfiɗa tabarma. Sai ya zama in ya buɗe baki ya ce "Fun," tari ya karɓe sauran, ya duƙa ya dafa gwiwa yana ta fama. Kafin ya ɗago ya ƙarasa sunan garin, motocin bakin hanya, waɗanda ba sa shiga tasha kuma ba sa bin layi, sun kwashe fasinjan sun yi gaba.

Wata rana ciyaman na tashar, Alhaji Barau, ya kira shi ofis. A kan tebur ga wani kwali sabo fil, da hoton lasifika a jikinsa.

Ciyaman ya ce, "Nomau, ka ga wannan? Sau ɗaya ake ɗaukar murya a ciki, ta yi ta maimaitawa har batir ya ƙare. Ba ta zuwa cin abinci, ba ta zuwa biki."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ta iya ɗora wa tsofaffi kaya a mota?"

"Ba ta iya ba. Shi ya sa ban buɗe kwalin ba tukuna."

"To muryar wa za a sa mata?"

"Taka muka so," in ji ciyaman, "amma muna tsoron kada ita ma ta kama tari. Ka gyara ƙirjinka kafin damina ta fita. In ta fita kana yadda kake, zan buɗe."

Nomau ya fito, ya wuce asibiti. Malamar asibitin ta sa abin awo a ƙirjinsa, ta saurara, ta cire, ta ce tabar ce, babu wani sihiri. Ta ce ya bari gaba ɗaya. Ta kuma ƙara masa da shawara mai kyau: kada ya ɗauki abin shi kaɗai, ya gaya wa mutanen da ke kusa da shi su taya shi.

Da wani ne, sai ya gaya wa matarsa da aboki guda ko biyu, a hankali. Amma Nomau bai san yadda ake gaya wa mutum biyu magana ba. Da ya dawo sai ya hau bencin mai shayi, ya tattara ɗan abin da ya rage masa na murya, ya sanar wa tasha baki ɗaya cewa ya bar taba, kuma duk wanda ya ga ya nema, ya hana shi, ko da kuka yake yi.

Wani direba abokinsa, Jatau, ya ajiye kofin shayi ya ce, "Baba Nomau, ka tabbata? Mu fa in aka ba mu saƙo, kai shi muke yi."

"Ku kai."

Nan ne ya yi kuskure. Sana'ar direba ai rabinta kai saƙo ce: ƙullin daddawa, takardar makaranta, gaisuwar mutuwa, ba abin da ba ya isarwa. Kafin a yi sallar la'asar maganar ta sauka a Funtuwa. Washegari ta hau motar Zariya, ta sauya ta hau ta Gusau. Duk mai tireda da mai tebur a tashoshin da ke kewaye an gaya masa: in wani dattijo mai ƙatuwar murya ya zo neman taba, a ba shi aswaki.

A gida kuma matarsa Tabawa ta wanke rigunansa duka a rana ɗaya, har da ta Sallah, ta kwashe ashanar gidan ta kai wa maƙwabta. Da safe sai ta je ta ɗebo garwashi a can ta hura murhu. Ya ce mata, "Tabawa, abin har ya kai haka?" Ta ce, "Malam, kai ka hau benci, ba ni ba."

A tasha kuwa sai ya zama kamar jaririn da aka haifa wa kowa. Mai goro ya tura masa goro a aljihu. Mai shayi ya ƙara masa citta da kanumfari. Direbobin da ke shan taba suka koma bayan katanga, suna busawa suna kora hayaƙin da hula. In ya sa hannu a aljihu don ya ɗauko hankici, sai ka ga idanu goma sun bi hannun. Kwanakin farko ya yi faɗa da kowa, har da akuyar da ke kwana a gindin tsamiya. Ba wanda ya rama. Sai dai su ce, "Sannu Baba, ga alewa."

Da tafiya ta yi tafiya tarin ya fara tattara kayansa. Nomau ya ce "Funtuwa" a numfashi ɗaya, aka yi masa tafi. Bayan wasu makonni matan bayan kasuwa suka sake dakatawa da taɓarya. Kwalin lasifika yana nan a teburin ciyaman, amma an fara ɗora masa kwanon abinci.

Sai wata ranar kasuwa, an ɗauke ruwan sama, gari ya yi sanyi, Nomau ya ci dambu mai yaji ya ƙoshi. Ya duƙa zai ɗora wa wani baƙo buhu a mota, sai warin taba ya taso daga rigar mutumin ya shiga hancinsa, kamar tsohon aboki ya dafa masa kafaɗa. Bakinsa ya cika da yawu. Ya ce a ransa, kara ɗaya ai ba ya kashe murya. Guda ɗaya, don ban kwana.

Ya ce wa Jatau zai zaga bayan gida, ya zame.

Mai tiredar tasha bai ko bari ya yi magana ba, ya miƙo masa aswaki. Na bakin kasuwa ya miƙo masa aswaki. Na unguwar mahauta ya miƙo guda biyu, ya ce ɗayan kyauta ce. Nomau ya ga garin nan ba zai yi ba. Sai ya yi abin da ɗan kamasho bai taɓa yi ba: ya je bayan gari, ya ja hula har gira, ya tare motar bakin hanya, ta abokan gabansa, ya shiga ya takure.

A gari na gaba ya sauka ya nufi wani mai tebur. Ya san muryarsa ce za ta tona masa asiri, don haka ya ƙudura zai yi raɗa. Amma mutumin da ya shekara talatin yana kiran fasinja ba shi da raɗa. Ya duƙa daidai kunnen mai tebur ya ce a hankali, a ganinsa, "Akwai taba?" Wani mai faci a tsallaken titi ya ɗago kai ya ce, "Baba Nomau, sannu da zuwa. Ba a ba ka."

A garin da ke bi masa ya bar magana gaba ɗaya. Ya ɗora yatsu biyu a leɓe yana nuni. Mai tireda ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Direbobi sun ce in ya gane ana gane muryarsa zai koma bebe." Ya miƙo aswaki. Zuwa lokacin aljihun Nomau ya cika da aswaki har zai iya kafa tebur.

Ya sake hawa mota. Can ya hango wani ɗan ƙauye, gidaje kaɗan da rijiya, inda mota ba ta tsayawa sai in taya ta fashe. Ya ce a sauke shi. A gindin wata bishiya ga wata tsohuwa, Iya Dela, da ɗan teburinta: gishiri, ashana, sabulu, da wani gwangwani mai karan taba kaɗan a tsaye.

Ya gaishe ta da hannu. Ya nuna gwangwanin. Tsohuwa ta sa hannu ta zaro kara ɗaya ba tare da ta tambayi komai ba. Direbobi ba su saba tsayawa nan ba, saƙo bai iso ba. Murna ta kama Nomau har ya mance shi bebe ne. Ya buɗe baki da muryarsa ta gaske, wadda ta dawo garau.

"Allah ya yi miki albarka, Iya. Ɗayan nan kawai. Na bari ne, saura kara ɗaya, daga shi na gama."

Kajin ƙauyen suka watse. Iya Dela ta tsaya da karan a hannu, ta karkata kai.

"Ɗan nan, sake faɗa."

"Na ce saura kara ɗaya."

Ta dube shi da kyau, ta mayar da karan cikin gwangwani, ta rufe, ta tura ƙarƙashin zanenta. Sannan ta gaya masa wata magana.

Nan ne ramin da ke cikin labarina. Abin da na riƙe shi ne, da Nomau ya ji maganar sai ya zauna a kan turmin da ke gefe, ya yi ta dariya har hawaye, dariya mai tsawo wadda ko tari ɗaya bai katse ta ba. Shi da kansa ya lura da haka, ya dafa ƙirji. Kafin ya miƙe, sha'awar ta tafi abinta. Ya zaro aswaki guda ya sa a baki, ya zube wa tsohuwa sauran a tebur ta sayar.

Yana tsaye a bakin titi sai ga motar Jatau ta dawo daga Funtuwa. Jatau ya taka birki, ya leƙo, ya ce, "Baba Nomau, bayan gidan har nan yake?" Ya kamo hannun rigarsa ya sansana, ya sansana yatsunsa, sannan ya buɗe masa gidan gaba. Da suka isa kuma bai gaya wa ciyaman ba. Saƙon nan kaɗai ne Jatau ya taɓa riƙewa bai kai ba.

Damina ta fita ba a buɗe kwalin ba. An ce daga baya an sayar da lasifikar ga wani mai tallan maganin basir, tana can tana aikinta.

Rashin maganar tsohuwar ya dame ni. Da tafiya ta sake bi da ni ta hanyar, tun ƙafata tana ɗaukata, na fara tsayawa a tashar. Tun ban sauka ba na ji Nomau, kuma mai tireda ya rantse mini bai sake sayar masa da ko ashana ba. Daga nan na sa aka sauke ni a ƙauyen. Na tarar da Iya Dela a gindin bishiyarta, na gaishe ta, na tambaye ta me ta gaya wa mutumin.

Ta ce, "Malam, ai ba wata magana ba ce. Ce masa na yi, ɗan nan, na san ɗayanka. Ka taɓa ce mini a tasha saura mutum ɗaya, na shiga motar da gudu, na tarar ko direba babu."