Allon Da Ya Haɗa Komai

Ranar da aka kawo sabon manaja, kamfanin ɗinkin kayan makaranta ya taki sa'a. Mutum ne da ba ya kallon abu shi kaɗai. Ka nuna masa allura, sai ya hango maka manomin auduga. Kafin sati ya zagayo teloli sun raɗa masa Mai Kibau, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Aikinsa na farko shi ne wani katafaren allo, wanda ya sa aka kafe da ƙusa goma sha biyu a bangon da ya raba ɗakin ɗinki da ɗakin guga. Ya cika shi da da'irori da kibau, wannan ta harbi waccan, waccan ta juyo ta rama.

"Kamfani jiki ɗaya ne," in ji shi, yana nuni da sanda. "Ku ne gaɓoɓi. Ni ne ido."

Sai dai tun daga ranar aiki ya fara jan ƙafa. Riguna suka taru, makarantu sai waya suke yi. Baba mai guga, wanda ya shekara ashirin a kamfanin, sau uku yana zuwa ofis da magana a bakinsa. Sau uku ana sallamarsa da cewa shi gefe ɗaya yake gani, manaja kuwa duka yake hange.

Mai kamfani ta ba da wata guda a gano matsalar. Mai Kibau ya duƙufa, ya ƙara kibau arba'in, har ya rame, bawan Allah. Ranar taro ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, duk suka dira a kan Baba. An auna, an ga rabin yininsa a waje yake ƙarewa, yana zagaya gini da kaya a ka. Shawarar manaja ita ce a sallame shi. Abin ya ba kowa tausayi, don mutum takwas ke ci daga gumin tsohon.

Baba bai yi musu ba, guduma kawai ya roƙa a ara masa. Ya zare ƙusoshin nan ɗaya-ɗaya, teloli biyu suka sauke allon. Sai ga tagar da aka saba miƙo masa ɗinki ta ciki, har gizo-gizo ya yi mata saƙa.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "wannan ce ba ka zana ba."