Ƙwan da Ya Taso Sama

Ba zan taɓa mantawa da irin kallon da Isufu ya yi wa bokitina ba. Ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa, sannan ya nufi ofishin Dakta Binta.

Satina na farko ke nan a wani ɗakin bincike da ke garin Greenbelt, can ƙasar waje, inda ake kiwon kifin teku. Dakta Binta ƙawar yayata ce, gwaji ta ɗauke ni. Isufu kuwa ɗalibi ne ɗan Nijar, kuma tun zuwana nake zarginsa, don na ji ƙanwarsa ma ta nemi aikin. (Ko gaishe ni ya yi sai na juya gaisuwar a raina, ina neman inda ya ɓoye mugunta.)

Da safiyar ranar ya kawo min ƙwan kifi cikin ruwan gishiri, ko ƙwayar gero ba su kai ba. Ya ce, "Na sama su ne masu rai. Na ƙasa ki zubar."

Na ce a raina, to, an fara. Ni da na tashi a kicin ɗin Inna a Zariya? Kowa ya san in ka sa ƙwai a ruwa, mai kyau nutsewa yake, bara-gurbi ke tasowa. Na yi masa murmushi, yana fita na kwashe na sama tas na juye a bokitin shara.

Dakta ta iso da sauri. "Ke, wa ya sa ki?"

"Anti, tarko ya ɗana min, so yake a kore ni," na faɗa ina nuna Isufu.

Isufu ya ce, "Madam, ki yi mata uzuri. Ta ɗauka kaji muke kiwo."

Ashe ƙwan wannan kifin in yana da rai shawagi yake a sama, mataccen ne ke yin fari ya nutse. Sa'ata ɗaya, ruwan gishiri ne a bokitin. Isufun da nake zargi shi ya durƙusa da rariya yana tsamo su, ni ina raɓe jikin bango ina tsara abin da zan faɗa wa yayata.

Bayan la'asar Dakta ta kira ni gaban madubin ƙara girma. Ƙwayoyin da ke cikin ƙwan sun ci gaba da rarrabuwa, alamar suna girma.

"Suna raye," ta ce. "Aikinki ma haka. Je ki ba shi haƙuri."

Har yau kunyar ranar nan nake ji in na ɗauki rariya. Amma na koyi abu guda: ilimin Inna a kan kaza ya tsaya, ba ta taɓa ganin teku ba.