Kek ɗin Malaz a hannun lajna

Jama'a, jiya Juma'a na ratsa unguwarmu da siniya, wato tiren gashi, a ka kamar mai tallan gyaɗa, da furfurata da komai, yara uku na bi na a baya. Duk wanda ya gan ni ya yi dariya na yafe masa. Amma ya sani ba ni na ɗora wa kaina ba, Mai Girma Sarkin Kunnawa da Kashewa ne ya ɗora mini.

Shi ne ya fito a rediyo ran Laraba, da muryarsa mai sanyi, ya rantse cewa daga yanzu ba za a ƙara ɗauke wuta ranar Juma'a ba. Ni kuma Gado, da girmana, na gaskata. Matata Huseina ta yi mini kallon da ake yi wa mara lafiya, ta ci gaba da tsintar riɗinta.

Ga dalilin da ya sa nake son wutar. Akwai wata yarinya Malaz, wadda yaƙi ya koro iyayenta daga Khartum suka zauna a ɗakin bayan gidanmu. Ita da 'yata Mardiyya ba mai jin kansu, har Hausa ta kama bakinta. Yanzu za su koma gida, motar safiyar Asabar za su hau. Mardiyya ta sha kukanta ta ƙoshi, sannan ta yi alkawarin yi wa ƙawarta guzuri da wani kek da Malaz ta ishe mu da labarinsa, wanda ba ta ƙara sawa a baki ba tun ranar da suka baro gida.

Aikin ba wuya. A narka man shanu a kan gawayi, a zuba sukari a yi ta juyawa har ya yi kalar zuma. In ya huce a fasa ƙwai, a kawo fulawa da ɗan gishiri da hodar kek. Malaz ce mai ba da umarni, Mardiyya mai juyawa. Ɗana Munir kuwa ya naɗa kansa mai ɗanɗanawa ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Yaron nan zai yi nisa a aikin hukuma. Ni na barbaɗa riɗi a sama, don kada kek ya bar garinmu Gadarif, gidan riɗi, ba shaida.

Muna sa siniya a tandan lantarki, wuta ta tafi, ko sallama babu. Tukunyar gas ɗinmu kuwa tun kafin azumi take kan layi a madadina. Na ɗaure ta da igiya a jikin 'yan'uwanta, nakan je in gaishe ta.

Huseina ta ce, "Sai furun ɗin Awad, ya Hajj. Kai ka ji rediyo, kai za ka ɗauka."

Awad mai gidan burodi mutumin kirki ne. Ya tura siniyarmu cikin wuta, ta fito jawur, ƙamshin man shanu da ƙonannen sukari ya cika titi. Ashe ƙamshin nan ne zai ja mana. Muna jira ya huce sai ga mota ta tsaya, mutum uku suka sauko da manyan rawuna. Awad ya raɗa mini, "Lajna ce." Wato kwamitin auna nauyin burodi. Na yi murna, don burodin garin nan ya rame har mutum kan sa biyu a aljihun gaba ya manta da su.

Mai Girma Shugaban Ma'auni ya shaƙi iska, ya wuce tulin burodi kai tsaye zuwa siniyarmu.

"Wannan ma daga furun ya fito?"

Na ce, "Na yara ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To ai shi ya fi. Lafiyar yara a wuyanmu take, ya Hajj. Kawo wuƙa."

Ya yanka daga tsakiya, wai a nan ɗanye yake ɓuya. Na biyu ya ce doka ba ta yarda da shaidar mutum ɗaya ba, ya yanki nasa. Na uku ya ce shi bai gamsu ba, aka sake bincike daga farko. Aka tuna da direba. Awad yana ta kallon rufi, don shi ma yana da abin karewa.

Mardiyya ta ja mini jallabiya. "Yaba, ka ce musu na Malaz ne."

Na faɗa, har na maimaita. Shugaba ya shafa kanta da hannu mai maiƙo ya ce, "Mabruk, kek ɗinku ya ci jarrabawa." Suka hau mota. Ma'aunin burodin ko saukowa daga motar bai yi ba. Ina jinjina wa waɗannan bayin Allah da ke aiki har ranar Juma'a.

Abin da suka bar mana gefe ne kawai, zagaye da siniya, mai duhu da tauri. A hanya Mardiyya ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi mini ciwo. Kunya ta rufe ni a gaban yarinyar da ta yi mana baƙunta.

Muna shiga gida Malaz ta ɓalli kusurwa ta tauna, ƙurus ƙurus, ta lumshe ido.

Ta ce, "Ammu Gado, ai wannan ne. A gidanmu gefen nan muke faɗa a kansa ni da yayyena. Tsakiyar kuwa baƙi ake ba."

Sai ga Mardiyya tana dariya da hawaye tare. Muka ɓaɓɓalle shi muka cika gwangwanin madara, na riƙe hannun Munir har aka rufe. Yau da safe Malaz ta hau mota tana rungume da gwangwaninta, ta ƙi yarda a sa shi cikin kaya.

Roƙona gare ku, masu karatu: maganar cewa gefen ya fi daɗi ta tsaya tsakaninmu. Kada ta kai kunnen lajna.