Yadda Na Zama Koci, da Yadda Jaki Ya Gane Gidana

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka naɗa ni kocin ƙwallon ƙafa ba. Na so in manta, amma a Gusau abin ba a hannuna yake ba, domin har gobe akwai masu babur da ke tuna mini a kan titi.

Bari in fara da bayani, kamar yadda aka koya mana a wurin aiki. Ni ma'aikacin gidan rediyo ne, mai gabatar da shirin wasanni. Na iya jero sunayen 'yan wasan Turai harshena bai sarƙe ba, na kuma iya bayyana dalilin da ya sa aka ci kowace ƙungiya, bayan an riga an ci ta. Abin da ban taɓa yi ba shi ne buga ƙwallon. (Sau ɗaya a firamare aka sa ni tsaron gida, shi ma don ni ne mai gadin takalman yara, kuma a kusa da ragar nake zaune.)

Akwai ƙungiyoyin unguwa biyu a garinmu da ba sa ga maciji da juna. Tamu ita ce Walƙiya, mai rawayar riga, a wannan gefen layin dogo. Tasu Guguwa, a can ƙetare. Duk shekara washegarin Babbar Sallah ake karawa a filin wata makaranta. Babu kofi, babu kyauta. A kan jaki ake bugawa. Waɗanda suka yi nasara za su saka wa jaki rigar waɗanda aka ci, su zagaya unguwar waɗanda aka ci ɗin da shi ana kiɗa, sannan su ɗaure shi a ƙofar gidan shugaban ƙungiyarsu har magariba. Idan aka tashi canjaras, jaki ya koma gida tsirara, kowa ya huta. Shekaru a jere jakin nan rawayar riga yake sawa, kuma a ƙofar Alhaji Mamman ake ɗaure shi.

Alhaji Mamman dattijo ne mai sayar da hatsi, shi ya kafa Walƙiya tun yana da ƙarfin gudu. A shekarar da nake magana ƙafa ta fara ba shi wahala, sai da sanda. Kwamitinsa ya sallami tsohon koci, wanda ya koma gonarsa a Furfuri da fara'ar da ya kamata a ce ta sa ni tunani. Wata rana bayan la'asar sai ga su a ƙofar gidana.

"Malam, mun yi shawara," in ji Alhaji. "Kai muke so ka riƙe muna yaran ga."

Na ce, "Alhaji, ni fa ban taɓa koyar da ƙwallo ba."

"Wanda ya taɓa ɗin mi ya tsinana muna? Kullum muna jin ka a akwatin rediyo kana faɗin inda manyan kociyoyin duniya sunka yi kuskure. Wanda ya san kuskuren Bature, Guguwa ce za ta gagare shi?"

Sai ya sassauta murya, ya ce shi dai kafin ya mutu yana son ya ga Sallah guda da jikokinsa ba su leƙo sun tarar da jaki a ƙofarsa ba.

Nan ne ya kamata in ba shi haƙuri. Amma maganar kuskuren Bature ta yi mini daɗi. Kafin mako ya zagayo na sayi usur da hular hana-sallah.

Mutanen Guguwa sun karɓi labarin kamar an yi musu haihuwa. Jagoran magoya bayansu wani mai faci ne da ake kira Ɗan'ige, kuma shagonsa a kan hanyata ta zuwa aiki yake.

"Koci! Koci!" haka yake ƙwala mini kira. "Jakinmu ya ce a gaishe ka. Ya ce rigar bara ta matse shi, a ƙara mashi faɗi!"

Har a shirina ya bugo waya, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce yana miƙa gaisuwar haƙuri ga kocin Walƙiya da iyalansa tun kafin lokaci. Dokar aiki ta sa dole na ce, "Mun gode da wannan saƙo, mai sauraro."

Atisaye kuwa lacca nake yi. In zaunar da yara a inuwa, in zana fili a ƙasa da tsinke, in yi ta bayani. Ba su taɓa katse ni ba. (Daga baya na gane hutun suke jin daɗi.) Mun shirya wasan gwaji a Tsafe, amma iyaye suka ce da halin da hanya ke ciki ba ɗan da zai je ya dawo da yamma. A fili na nuna takaici, a zuci na yi hamdala. Ma'anar hakan ita ce wasan Sallah ne wasa na farko da zan jagoranta a rayuwata.

Matsala ɗaya kawai yaran suka kawo. Kyaftin ɗinmu Nura ya ce, "Koci, in muna tsakiyar fili ba mu jin ka." Gaskiyarsa ne. Muryata ta ɗakin watsa shiri ce, ba ta saba da iska ba. Sai Alhaji ya aro mini lasifikar hannu daga wani mutumin Bunguɗu mai tallar maganin shawara a kasuwa. Da na riƙe ta na ji hankalina ya kwanta. Ashe nan ne ƙarshena.

Ranar wasa fili ya cika, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya. Jakin yana ɗaure a gindin darbejiya, bai san ɓangarensa ba tukuna. Alhaji yana kan kujerar roba a gefena.

Da farko na yi abin da koci ke yi. "Nura, koma baya. Bashir, buɗe." Amma duk wanda ya yi shekaru yana aiki da makirufo ya san cewa baki yana da nasa hankalin. Ban san lokacin da na sauya ba. Sai dai na ji kaina ina cewa, "Ga Nura da ƙwallo, ya duba dama, ya duba hagu, da alama Bashir zai miƙa wa." 'Yan bayan Guguwa suka tafi wurin Bashir suka jira. Can kuma, saboda an horar da mu kada mu nuna son kai, na sanar da dukkan filin cewa ɓangaren hagu na Walƙiya a buɗe yake, kuma idan Guguwa suka lura za a sha wuya.

Suka lura.

"Mun gode, Koci!" in ji Ɗan'ige daga ƙetaren fili. "Sai ina kuma?"

A hutun rabin lokaci Alhaji ya jawo rigata. "Malam, ka rage bayani." Na ce to. Na kuma rage, na ɗan lokaci.

Ikon Allah, mai tsaron gidanmu ya tashi da ƙafar dama a ranar. Duk abin da aka bugo sai ya kama ko ya ture. Rana ta yi sanyi, alƙalin wasa ya fara duba agogo, babu ci. Canjaras muke nema, kuma ga shi a hannu. Na waiga na ga Alhaji ya bar jan carbi, yana kallon jakin yana murmushi.

Sai wani siririn ɗan wasan Guguwa ya karɓi ƙwallo a ɓangaren hagun nan da na yi wa talla. Ya yanke mutum biyu, ya ɗaga kai, ya lanƙwaso ta daga nesa. Ta tashi kamar za ta fita, ta dawo, ta shige ta kusurwar sama. Zan faɗa a yau kamar yadda na faɗa a ranar: ban taɓa ganin ƙwallo mai kyau irinta ba. Bambancin kawai shi ne a ranar da lasifika na faɗa.

"Ta shiga! Ta shigaaa! Jama'a, wannan ita ce ƙwallo! Mai tsaron gida bai ma san ta wuce ba!"

Na ja wannan "shiga" har numfashina ya ƙare, kamar yadda nake yi a ɗakin shiri. Da na dawo hayyacina sai na tarar da hannuna ɗaya a sama, ƙafafuna kuma sun bar ƙasa sun dawo. Mai tsaron gidanmu yana durƙushe yana kallona. Nura ya riƙe ƙugu. Alhaji bai dube ni ba, hannu kawai ya miƙo.

"Ba ni abin mutane in mayar masu."

Ina cikin miƙa masa aka busa tashi. Na yi zaton duka zan sha daga mutanenmu, kuma da na samu da ya fi mini sauƙi. A maimakon haka magoya bayan Guguwa ne suka kwararo, Ɗan'ige a gaba, suka ɗaga ni sama a kafaɗunsu. Suka zagaya fili da ni suna waƙar "Kocinmu! Kocinmu!" Daga can sama ina hango yaranmu suna cire takalma. Hulata ta faɗi, wani ya tsince.

Na sake ganin hular kafin magariba, a kan jaki. Sun saka masa rawayar riga, sun naɗa kwali kamar lasifika sun rataya masa a wuya. Suka shigo unguwarmu da kiɗa, suka iso ƙofar Alhaji, suka yi masa gaisuwar girmamawa, suka wuce. A ƙofata suka ɗaure shi.

Washegari na je ba Alhaji haƙuri. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Bana dai jikokina ba su ga jaki a ƙofata ba. Ka cika alkawari, Malam." Har yau ban san ko yafiya ce ko hukunci ba. Ban kuma samu damar tambaya ba, domin Allah ya yi masa rasuwa kafin wata Sallar.

An sallame ni ba tare da taro ba. An sake koci, an sake wani, Walƙiya ba ta daina shan kashi ba. Abin da ya sauya kawai shi ne adireshin jakin. Duk washegarin Babbar Sallah gidana ake kawo shi, ko da wa ke shugabanci. Yanzu ma ba a jan sa, shi ke gaba. Maiɗakina ta daina faɗa, tun da safe take ajiye masa ruwa da dusa.

Na koma sharhi, inda ake biyana in faɗi kuskuren wasu. Abin da na ƙaru da shi kaɗan ne: duk ranar da aka ce in zo in yi abin da na iya magana a kansa, kafin in amsa sai na tambaya a ƙofar wa ake ɗaure jakin.